Maganin Iska

Lokacin da aka tura ni Kazaure, 'yata ta cika shekara ɗaya ke nan, tana dafa bango ta miƙe amma ba ta fara tafiya ba. Na bar ta da mahaifiyarta a Zariya, a sashenmu na gidan yayana. Maganar in ɗauko su ba ta taso ba, don matata tana koyarwa a firamare, kuma ita ke jinyar tsohuwarta da ta daɗe a kwance. Shugabanmu na ofishin Kano ya faɗa mini da bakinsa cewa in na riƙe tashar shekara ɗaya da rabi ba tare da wani abu ya ɓaci a hannuna ba, zai sa hannu a mayar da ni gida. Da wannan maganar na shiga mota, kuma ita nake juyawa a raina kusan kullum bayan haka.

Ƙaramar tashar raba wuta ce a bayan gari, ta wajen hanyar Roni, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Shingen waya, tsakuwa a shimfiɗe, babbar taransifoma a tsakiya, sai ɗaki guda mai akwatunan ƙarfe a jere, da wani ɗan ƙuƙut a gefensa inda aka sa gado. Layi biyu ne ke fita daga wurin. Ɗaya ya bi ta Roni ya wuce Gwiwa, ɗayan kuma dogo ne, ya ratsa gonaki da ƙauyuka har Babura. Aikin ba shi da wuya, jira ne kawai. In an kawo wuta daga sama in raba ta, in an ɗauke in katse layukan in zauna. Zaman ya fi rabon yawa nesa ba kusa ba.

Wanda na karɓi tashar daga hannunsa dattijo ne mutumin Gwiwa, ritaya ta zo masa. Da hawan falwaya ya fara aiki tun yana saurayi, bokonsa bai wuce firamare ba. Ni kuwa ga takardar difloma a jaka, sai ya sa mini suna Injiniya tun ranar farko, kuma har yau ban tabbatar ba ko girmamawa ce ko zolaya. Kwana uku ya yi yana zagayawa da ni. Kowane akwati sai ya dafa shi kafin ya yi bayaninsa, kamar mai nuna wa baƙo shanunsa. In ya gama magana sai ya yi shiru ya zuba mini ido, ni kuma in ce, "To, Baba."

A rana ta uku ya kai ni bayan akwatunan awo. A bakin kowane layi akwai wasu ƙananan taransifomomi uku, ɗaya ga kowace waya, muna ce musu taransifomar awo. Ba sa ba kowa wuta. Aikinsu su rage ƙarfin wutar layi ya dawo ɗan kaɗan, yadda mitocin da ke cikin ɗaki za su iya auna shi, na'urar tsaro kuma ta san lokacin da za ta katse layi in wani abu ya faru. In babu su, tasha makauniya ce. Wayoyinsu ne ke shigowa cikin akwatin da Baba ya buɗe.

Can ciki, a cikin duhu, na hangi ƙwan lantarki a rataye. Jan ƙwai ne irin na da, mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu in ya daɗe a kunne. Ba ya ci. An naɗe gindinsa da jar fata, an ɗinke ta tsaf, ɗinki irin na dukawa. Ya buɗe akwati na biyu, nan ma ga ɗan'uwansa.

"Wannan fa, Injiniya, kada ka taɓa shi," in ji shi. "Maganin iska ne."

Ya yi shirun nan nasa yana kallona. Na ce, "To, Baba."

Dole in faɗi irin mutumin da nake a shekarun nan. Na fito daga makaranta kaina a kumbure, na kuma fito daga majalisar karatu ta unguwarmu, inda ba mu da aiki bayan la'asar sai yaƙi da layu da camfe-camfe. Na taɓa sa kakata kuka a kan wani guru da ta ɗaura wa ƙanena. Saboda haka da na haɗa tsoho ɗan ƙauye, da jar fata, da kalmar iska, ban ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci: aljanu ake kora daga cikin akwatin hukuma. Ban tambaye shi ba, don ba a titsiye dattijo da irin wannan tambayar a makonsa na ƙarshe a wurin aiki. Har daɗi na ji a raina, ganin yadda na iya danne wa'azin da ya taso mini har maƙogwaro.

Mako guda da tafiyarsa, ranar da babu wuta, na ɗauki filaya na yanke ƙwayayen biyu, na naɗe bakin wayoyin da baƙin tef. Na farke fatar da reza ina jiran in ga 'yar takarda mai rubutu a ninke. Babu komai a ciki sai gindin ƙwai. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi, Allah sarki tsoho, har bokan ma cutarsa ya yi. Na jefa su a bola bayan shinge, maigadinmu yana zaune yana kallona. Bafulatani ne, shekarunsa sun ja, 'ya'yansa ke bin shanu shi kuma ya kama gadi. In mun gaisa da safe, to mun gama maganar ranar ke nan.

Watanni suka wuce ba abin da ya faru, na ƙara yarda da kaina. Abin da ke cina daban ne. Ba a ba ni wanda zai riƙa canjina ba, don haka zuwa gida sai na roƙi wani abokin aiki daga Kano ya zo ya zauna mini kwana biyu, kuma ba kullum ake roƙon mutum ba. Na koyi dafa shinkafa da wake a risho, na koyi cinta a tsaye. A cikin tashar waya ba ta kamawa sosai, sai na hau wani faffaɗan dutse a bayan shinge. A kan dutsen nan na ji cewa 'yata ta yi taku uku ta faɗi. A kansa na ji ta fara cewa "ruwa" da "a'a". Uwarta takan kara mata wayar a kunne, in yi ta surutu ni kaɗai, ba abin da nake ji sai numfashinta, wani lokaci kuma ta lashi wayar. Daga sama ina hango mata suna komawa gida da itace, da hayaƙin girki yana tashi daga gidajen mutanen da ban sani ba. In na sauko sai in tarar da ɗakin yadda na bar shi, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Na yi kewa irin wadda ban san namiji yana yi ba, kuma ba wanda zan gaya wa.

Da farkon damina abin ya fara. An yi ruwa mai ƙarfi, aka ɗauke wuta kwana uku, rana ta huɗu bayan azahar aka kawo. Na yi yadda na saba: na saki wuta a layin Babura tun kafin a jona taransifomomin garuruwan da ke kansa, don in tabbatar layin lafiya yake. Ina sakin hannun makunnin sai na ji wani gurnani daga waje, ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka. Alluran mitocin suka shiga rawa, wannan ta yi sama waccan ta yi ƙasa. Na tsaya sororo ina kallonsu, don ban taɓa ganin haka ba. Kafin in yanke shawarar abin yi na ji warin ƙonewar roba, sai wata ƙara kamar taya ta fashe. Ɗaya daga cikin taransifomomin awo ta tsage gida biyu, baƙin hayaƙi yana fita daga cikinta.

Na rubuta rahoto na ce tsawa ce ta raunana ta, aka yarda. Kafin a kawo sabuwa an kwana biyu, masu injin niƙa da masu ƙanƙara suna ta zuwa bakin shinge, mutanen Babura a kan babura, suna tambayata yaushe. Bayan wata guda ta layin Roni da Gwiwa ta bi 'yar'uwarta, ranar da sama take garau ko gajimare babu. Waya ɗaya ce ta tsinke a wajen wani ƙauye, sauran biyun suna ɗauke da wuta. Gurnanin nan dai, rawar alluran nan dai. Sai kuma sabuwar da aka kawo wa layin Babura, wadda ko fentinta bai dushe ba.

Shugabanmu ya kira ni, na hau dutse da gudu don in ji shi sosai.

"Tsohon nan da ka gada," in ji shi, "ban taɓa aika masa da taransifomar awo ko ɗaya ba. Kai da takardarka ka cinye uku a damina ɗaya. Me kake yi musu?"

"Ranka ya daɗe, ina kan bincike."

"Ka bincika. Dalili nake so a rubuce, ba tsawa ba. In ta huɗu ta ƙone, ka manta da maganar Zariya."

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Na fara tsoron ko layar nan gaskiya ce. Ni da na sa kakata kuka. Na auna duk abin da ake aunawa, na ɗaure duk notin da ya yi sako-sako, na duba wayar ƙasa, ban ga komai ba. Abu ɗaya tak na canza a tashar tun zuwana, kuma na san shi. In zan wuce ta bayan akwatunan sai in ji bakina yana addu'a da kansa. In na gaya wa abokan aiki, za su yi ta yi mini dariya har in yi ritaya. In na gaya wa 'yan majalisarmu, wa'azin da na saba yi wa mutane za a juye mini. Matata kuwa, ga jinya ga makaranta ga yarinya, ban ga dalilin ƙara mata ba. Na daina zuwa gida gaba ɗaya, don kada wata ta ƙone ba na nan. Da an kira an ce wuta na tafe, sai in sake zagaya akwatunan ina dubawa.

Wata safiya bayan mun gaisa, maigadi bai koma kan tabarmarsa ba.

"Injiniya, gobe kasuwar Gwiwa," ya ce. "Ana samun mashin tun da hantsi. Tsohon yana nan da ransa."

Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. An riga an sanar da mu babu wuta sai gata, don haka washegari na kulle ɗakin na tafi.

A gona na same shi, ba a kasuwa ba. Gero ya kai kafaɗa, yana sunkuye yana cire ciyawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'ar da ta ƙara mini nauyi. Muka zauna a inuwar wata tsamiya, wadda a ranar na so a ce wata bishiyar ce daban. Ya tambayi iyali, ya tambayi maigadi, ya tambayi babbar taransifoma kamar mutum ce. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ba sauran inda zan ɓuya, na sunkuyar da kai.

"Baba, na yi ɓarna. Na cire maganin nan naka."

"Na sani," ya ce. "Duhun ya riga ka isowa, ai a layinka muke. Nawa suka ƙone?"

"Uku."

"Me ka ɗauka shi ne?"

"Laya, Baba. Ka ce maganin iska ne. Ga kuma fata."

Ya dube ni, ya dubi gonarsa, sai kafaɗunsa suka fara motsi. Dariya ce marar sauti, ta daɗe, har ya cire hula ya goge ido da ita.

"Iskokai ka ɗauka? A'a, Injiniya. Wutar ce 'yar iska. Saurayi majiyi ƙarfi in ba shi da aikin yi, me ake ce masa? To haka wuta take. In ta shiga dogon layi ta tarar ba kowa a kai, ba injin niƙa, ba fanka, ba abin da za ta yi, sai ta fara iskanci."

Ya ɗauki tsinke ya shiga zane a ƙasa. Dogon layi, in ji shi, yana riƙe wuta a jikinsa ko ba a amfani da ita. Taransifomar awo kuma ƙarfe ne a cikinta, yana da iyakar abin da zai iya sha, in ya ƙoshi sai halinsa ya canza. Idan aka saki wuta farat ɗaya a layin da ba kaya a kansa, ko waya ɗaya ta tsinke ta bar biyu, sai layin da ƙarfen su shiga jefa wa juna wutar, wannan ya tura wancan ya mayar, kowane zuwa ya fi na baya, kamar lilo. Ba mai tsayar da su har ƙarfen ya yi zafi ya fashe. Shi kuwa ƙwan, an jona shi ne a inda wayoyin taransifomomin uku suka haɗu, ta yadda in lafiya lau ake, ƙarfinsu yana kashe juna, ba abin da ke isa gare shi. Shi ya sa ba ya ci. Ranar da lilon ya fara ne kawai wuta ke zuwa masa, jan ƙwai kuma mayunwaci ne, musamman in yana da sanyi. Sai ya shanye ta ya mai da ita zafi, lilon ya mutu tun bai yi nisa ba. Wani injiniya da ya zo kafa tashar ne ya nuna masa, tun gashin kan Baba yana baƙi.

"Fatar fa, Baba?" na ce.

"Ɓera. Sau biyu yana cinye mini wayar a gindin. Maƙwabcina baduku ne."

Na rasa inda zan sa kaina. Sai ya ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunya, Baba."

"Kunyar ta hana ka tambaya, amma ba ta hana ka yankewa ba."

Bai faɗa da zafi ba. Ya ci gaba yana kallon zanensa. "Kwana ukun nan, duk abin da na nuna maka sai in tsaya, ko za ka ce don me. Shekarun da na yi a wurin nan ni kaɗai, ba wanda ya taɓa tambayata dalilin komai. Da aka ce mai karatu za a turo, murna na yi. Na ce zan sami wanda zan gaya wa abin da na gani, shi kuma ya gaya mini sunansa a littafi. Sai na sami 'to, Baba'."

Maganar ta soke ni. Ɗakin da nake kuka da shi tun ban cika shekara ba, shi rabin rayuwarsa ya yi a ciki. Kuma sunan da yake nema na san shi. Tun yana cikin zanen, wani rabin shafi ya faɗo mini a rai, wanda muka haddace don jarrabawa muka zubar a bakin ƙofa.

"Baba, yana da suna. Ferorezonans ake ce masa."

Ya gwada shi a bakinsa sau biyu. "Fero... A'a. A bar shi a iska."

Kafin in tashi ya ce kada in ƙara sakin wuta a layin Babura fanko. In riƙa kiran mutanenmu na Kanya Babba, garin da ke kan layin, su bar taransifomarsu a jone, don wutar ta tarar da aiki yana jiranta. Ya cika mini leda da ɗanyar kuɓewa, ya rako ni har bakin hanya.

Samun jan ƙwai ya zama wani aikin. Na zaga kasuwar Gwiwa a ranar, na zaga shagunan Kazaure washegari. Ko'ina fararen nan ne masu tsimin wuta, waɗanda ba za su yi mini komai ba, don ni mai ci nake nema. Wani mai shago ya ce, "Ma'aikacin wuta da kansa yake neman ƙwan da kuka ce mu daina sayarwa?" A ƙarshe aka kwatanta mini gidan wata mata 'yar kudu da ke kiwon kaji a bayan coci. Da irinsu take ɗumama 'yan tsaki, wani ɗan Nijar ke kawo mata ta Babura. Ta saurari bayanina har ƙarshe. Ba na jin ta gane, amma ta ga fuskata. Ta shiga ta fito da huɗu a cikin kwali, masu wat ɗari biyu.

"Ka ɗauka, Malam," ta ce. "In wuta ya zauna, kajina ma zai ji daɗi."

Na kai biyu wurin wani baduku a kasuwar Kazaure ya naɗe mini gindinsu da fata. Ya juya ƙwan a hannunsa, ya matso ya tambaye ni cikin raɗa wane malami ne ya ba ni wannan, kuma yana ci kuwa. Na ce masa ina fata. Na koma tasha na jona su a inda na yanke na Baba.

Ranar da aka kawo wuta, da hantsi, na bar ƙofar bayan akwatin a buɗe, na jingina madubina na aski yadda zan hango ƙwan daga wajen makunni. Na yi bisimilla na saki wuta a layin Babura. Gurnanin ya ɗan motsa. A cikin madubin na ga zaren ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ya tsaya haka tsawon numfashi biyu, sannan ya dushe. Alluran suka tsaya cak a inda ya kamata. Na zauna a ƙasa a wurin. Ba kowa a ɗakin da zan ce wa ka gani.

Saura rahoto. Na hau dutse na gaya wa matata komai, daga fata har ɓera. Ta yi dariya har tana tari, rabon da in ji ta haka an yi watanni.

"To me za ka rubuta?" ta ce.

"Gaskiya."

"Malam, ka rubuta abin da zai dawo da kai gida."

Ina iya cewa taransifomomin ne ba su da inganci, kuma da an yarda. Kwana biyu na yi ina juya biro. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne, ko da yake na so in ce shi ne. Tsohon ne. In na yi ƙarya, abin da ya sani zai ƙare a tsakanina da shi da ɓera. Na rubuta komai: yadda abin ke faruwa, da sunansa na littafi, da cewa wanda na gada ya magance shi shekara da shekaru, ni na cire maganin da hannuna bisa kuskure. Kalmar laya ce kawai ban sa ba. Na ba da shawara a sayo na'urar da aka ƙera don wannan aikin, wadda ke shanye wutar yadda ƙwan ke yi amma ba ta fashewa, kuma a daina sakin wuta a dogon layi fanko. Na aika, na zauna jiran hukunci.

Bayan kaka aka kira ni Kano. Ina shiga ofishin shugabanmu sai ya miƙe ya ba ni hannu. Ya ce rahotona ya zaga har sama. Ashe ba tashata kaɗai ba ce, ƙananan tashoshi da dama suna cin taransifomar awo, kowa yana rubuta tsawa. An amince a sayo na'urorin. Za a sa a Kazaure, a kuma sa a bakin layukan Babura da Roni da Gwiwa in an faɗaɗa su, kuma ana bukatar wanda ya fahimci abin ya tsaya a kai daga farko har ƙarshe.

"Na duba, ba mu da kowa sai kai," ya ce yana murmushi. "An ƙara maka matsayi. Shekara uku ne, in an yi sauri."

"Ranka ya daɗe, maganar Zariya fa?"

"Zariya ai ba gudu za ta yi ba."

Na ce na gode. Har na ƙara da Allah ya saka da alheri. Na roƙi a rubuta wa tsohon takardar yabo, ya ce za a duba.

Daga ofishin ban koma Kazaure ba, motar Zariya na shiga. Wata biyar rabona da gida. Na isa da la'asar da ledar lemo a hannu. Yarinyar tana tsakar gida, ta yi tsawo, an yi mata kitso. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta dube ni, ta dubi takalmina, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta.

"Ga Babanki," in ji uwarta. "Wanda kike magana da shi kullum."

Ta leƙo, ta girgiza kai. Ta miƙa hannu ta karɓe wayar da ke hannun uwarta, ta ɗaga tana nuna mini.

"Baba yana nan," ta ce.

Na yi mata magana, na kira ta da sunan wasan da nake kiranta, ta ƙara ƙanƙame wayar a ƙirjinta. Matata ta dubi fuskata, ta gane labarin Kano tun ban buɗe baki ba. Ta karɓi ledar lemon ta shige madafa.

Na fita zaure, na tsaya a bayan ƙofa, na ciro wayata na kira. Ina jin ƙarar daga tsakar gida. Ashe har ta iya danna koren wurin da kanta.

"Baba," ta ce da murna. "Yaushe za ka zo?"

Na jingina da bango. Na ce mata ina nan tafe.